Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hotunan Shafina Ke Cinye Datar Masu Saye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar ɗinkin takalman fata a Kano, kuma ƙanena ya buɗe mini shafin intanet inda nake baje kolin kayana. Hotunan suna fita tas a kwamfuta, amma masu shiga da waya suna kukan cewa shafin yana jan ƙafa wajen buɗewa, yana kuma cinye musu data. Na sa an ƙanƙanta hotunan a shafin, amma ba ta sauya zani ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Daga bayaninka, ina kyautata zaton cewa ƙanen naka ya rage yadda hoton yake bayyana ne kawai, bai taɓa nauyin fayil ɗin ba. Hoton da aka ɗauka da waya mai kyamarar megafiksel 12 yakan kai fiksel 4000 a faɗi (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto), nauyinsa kuma yakan haura megabait biyu ko uku. Idan aka ɗora shi haka, aka umarci shafin ya nuna shi ƙarami, wayar mai saye sai ta sauke dukkan wannan nauyin tukuna kafin ta matse shi ya shiga fuskarta. Takalmi ashirin a shafi guda, ka ga datar bawan Allah ta tafi kafin ya ga farashi.

Maganin shi ne a tanadi kowane hoto a girma daban-daban, a bar burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta zaɓi wanda ya dace da na'urar da ke hannun mutum. A harshen HTML, wanda da shi ake rubuta shafukan intanet, ana yin wannan da siffofi biyu da ake ƙara wa alamar hoto, wato srcset da sizes. A cikin srcset ake jera kwafe-kwafen tare da faɗin kowanne (lambar da harafin w ke biye da ita), kamar haka: takalmi-400.jpg 400w, takalmi-800.jpg 800w, takalmi-1600.jpg 1600w. Ita kuwa sizes, ita ce ke sanar da burauza yawan filin da hoton zai ci a shafin, ko duk faɗin fuskar ne ko rabinta.

A nan ne nake so ƙanen naka ya natsu, domin a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Burauza tana fara sauke hotuna tun kafin ta gama tsara fasalin shafin, saboda haka idan ba a rubuta sizes ba, sai ta ɗauka cewa hoton zai mamaye faɗin fuskar gaba ɗaya, ta ɗauko babba alhali ƙarami ya wadatar. Akwai kuma batun kaifin fuska. Tun da kamfanin Apple ya fito da iPhone 4 a 2010, wayoyi suka koma cusa ɗigo biyu ko uku a gurbin ɗaya. Wayar da faɗinta a lissafin shafi yake 360, idan kaifinta ninki biyu ne, tana buƙatar hoto mai faɗin 720 don ya cika fuskarta, don haka na 800 za ta ɗauka, kuma ɗinkin bakin takalmin zai fito sarai ba tare da dishi-dishi ba.

Wani lokacin ba girma kaɗai ne matsalar ba. Hoton da ya nuna takalmi a kan tabarma da fili ta ko'ina yana da kyau a kwamfuta, amma a waya takalmin zai koma kamar ƙwayar gero. Alamar picture ita ce ke ba da damar a nuna wa waya hoton da aka datse kusa da kayan. Da ita kuma ake ba da hoto a nau'in fayil na WebP ko AVIF, waɗanda galibi sun fi JPEG sauƙin nauyi, a ajiye JPEG ɗin domin tsofaffin wayoyi.

Idan da manhajar gina shafuka ta WordPress aka gina shafin naka, tun fitowar sigar 4.4 a Disambar 2015 yake saka srcset da kansa, sai dai a duba ko zanen da aka zaɓa bai lalata aikin ba. A kuma rubuta faɗi da tsayin kowane hoto don kada rubutu ya riƙa tsalle yayin buɗewa, a sa loading="lazy" ga hotunan ƙasa don kada a sauke su sai mai dubawa ya kusa isowa gare su, ban da na farko da ido ke fara sauka a kansa. Idan an gama, ka karɓi ƙaramar wayar ɗaya daga cikin yaran shagonka, ka kashe wayifai, ka buɗe shafin da data a cikin kasuwa, ka ƙirga daƙiƙun da takalmin farko zai ɗauka kafin ya bayyana.