Malam, ya halatta in yi aikin sa kai a ƙungiyar da turawa ke ba kuɗi?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne a Tudun Wada nan Kaduna, tela ne ni. Na kusa shekara ina aikin sa kai a wata ƙungiya da take jawo yaran unguwa masu shaye-shaye da waɗanda suka bar makaranta, duk Asabar muna zama dasu, ni ina koya ma wasu ɗinki, wasu ana kaisu gyaran waya ko walda. To Malam kuɗin daga ƙasar waje yake zuwa, kuma a cikinmu akwai kiristoci daga Sabon Tasha da Barnawa, sannan duk fita ana bamu naira 5,000 kuɗin mota. Baffana yace in bari, wai kuɗin kafirai ne kuma wanda ake biya bashi da lada. Wani lokacin kuma in yara 18 suka zo shugabanmu yakan ce mu cike takarda su zama 30 don kar a yanke tallafin, muna kuma ɗaukarsu hoto a sa a Facebook, amma ba wannan ne damuwata ba, maganar Baffa ce ta tsaya min a rai. Meye hukunci?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah yayi maka albarka. Sau biyu na karanta saƙonka, sai naga inda kake ɗari-ɗari babu rami a wurin, inda kuma ka taka ka wuce kace ba shine damuwarka ba, to nan ramin yake. Amma bari mu bisu yadda ka jero.

Shi aikin kansa ba halal kawai bane, yana cikin farillan da in wasu suka yi sun ɗauke ma saura, in kowa ya naɗe hannu kuma duk unguwa ta ɗau alhaki. Allah yace a Suratul Ma'ida aya ta 2 ku taimaki juna akan aikin alheri da taƙawa. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda kangon gini yake komawa in magariba tayi, da kwalaben maganin tari a bakin kwata da safe. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, yaran basu daina ba, wani abin suka koma, don doka bata zama da yaro ta tambaye shi me ke damunsa. Kuma bamu manta da watan Satumba na 2019 ba, da ƴan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kaisu da hannunsu saboda sun rasa inda zasu sa kansu. A zamanin Annabi (SAW) akwai wani sahabi da ake yawan kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi yace kar ku tsine masa, yana son Allah da Manzonsa. Buhari ya ruwaito. To wanda Annabi ya hana a tsine masa, ai wanda ya zaunar dashi gaban keken ɗinki bai yi laifi ba.

Maganar kuɗin waje da aiki da kiristoci. Suratul Mumtahana aya ta 8 a fili take, Allah bai hana mu kyautata ma waɗanda basu yaƙe mu saboda addini ba. Annabi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin annabci, mushirikai ne suka ƙulla shi don ƙwato ma wanda aka zalunta haƙƙinsa, bayan musulunci yace da za a kira shi irinsa da ya amsa. Ya kuma karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Misira, shi kuwa kirista ne. Rikicin 2000 da na 2002 ya raba mana gari, kowa ya koma gefensa na kogi, amma dai a garin nan ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka ajiye gaba suka koma sulhunta mutane. Mai sayar da ƙwaya baya tambayar yaro addininsa.

Sai dai kar ka raina tsoron Baffa, ba a banza yake ba, dattijo ya ga jiya. Sharaɗin shine ka san me ake koya ma yaran. In ka ga ana jan su su bar addininsu, ko a wajen bita ana cusa musu abin da shari'a ta haramta, ko ana tsara zama yadda sallah take wucewa babu wanda ya damu, ko ana barin namiji ya keɓe da ƴan mata, to ka yi magana, in an ƙi gyarawa ka fita. In babu wannan ka ci gaba. Ka je ka durƙusa ka yi ma Baffa bayani, in da hali ka roƙe shi ya zo wata Asabar ya gani da idonsa, gani ya kori ji.

Kuɗin mota kuma karɓi abinka. Sayyidina Umar Annabi ya bashi wani abu, sai Umar yace a ba wanda ya fi shi buƙata, Annabi yace karɓi, abin da ya zo maka baka sa rai ba baka roƙa ba ka karɓa. Lada a niyya take. Tambayi zuciyarka kawai, ran da aka daina bada 5,000 ɗin zaka rufe shago ka je ko a'a.

Yanzu ga inda nace ramin yake. Mayar da 18 su zama 30 ƙarya ce, ha'inci ne, haramun ne, kuma kasancewar mai kuɗin ba musulmi bane bai rage komai ba. Annabi yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Daren hijira, mutanen da suke neman kashe shi ajiyarsu tana hannunsa, sai da ya bar Sayyidina Ali a Makka ya mayar ma kowa kayansa. Wannan fa amanar maƙiyi kenan, ina ga wanda ya aiko da dukiyarsa a taimaki ƴaƴanku? Sannan ka tambayi kanka, abincin mutum 12 ɗin nan da kuɗin motarsu ina suke shiga? Ban ce shugabanku ɓarawo bane, ban san shi ba, ƙila da gaske tsoron yanke tallafin yake, amma haka abin yake farawa, yau don yara gobe don mai a mashin, kuma kyakkyawar niyya bata halatta ƙarya. Abin da ma yafi bani takaici, yara 12 ɗin nan fa akwai su, suna can bayan layi basu zo ba, biro ya nuna sun zo sai kowa ya huta babu mai bin sawunsu, alhali bin sawun nasu shine aikin da kuka ce kun fito yi. Kar ka ƙara sa hannu a irin wannan takardar. Samu shugaban ku biyu ka faɗa masa cikin mutunci, in bai ji ba ka kai ma dattawan ƙungiyar, in duk bakinsu ɗaya ka bar musu, yaran da kake koya mawa su same ka a shagonka. Abin da ya riga ya wuce ka tuba, in wani abu daga kuɗin sunayen bogi ya shiga aljihunka ka mayar.

Hoto shima. Wani bawan Allah ya taɓa tare ni bayan sallar asuba, hannunsa na rawa ya miƙo min waya, hoton ɗansa ne an rubuta a ƙasa wai tsohon ɗan shaye-shaye da aka ceto, yaron ya shiryu har ya je neman aure, dangin yarinyar suka tono hoton wajen bincike. Annabi yace wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa duniya da lahira. In masu tallafi na son shaida a ɗauki keken da hannayen yaron da rigar da ya ɗinka, fuska da suna kuwa sai da yardarsa da ta iyayensa, kuma ko sun yarda kar a liƙa masa sunan ɗan ƙwaya. Waɗanda kuka riga kuka sa ku sauke su.

Yaron da abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa kuma ba na shagon tela bane, ku haɗu da iyayensa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa likita ya duba shi, in ya samu sauƙi ya dawo kan keke.

Wallahu a'alam.