Tambaya da Amsa: A Wane Zango Fasinja Ke Komawa Haja?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, ina rubuta kundina kan haɗarin fataucin mutane da 'yan ci-rani ke fuskanta a hanyar Agadas zuwa Libiya. Malamina ya dawo mini da babin farko, ya ce na cakuɗa fasa-ƙwaurin mutane da fataucinsu. Ina bambancin, kuma ta ina zan fara tattara bayanai? — Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Malama, malaminki ya yi gaskiya. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta raba su gida biyu. Fasa-ƙwauri ciniki ne: mutum ya biya a tsallakar da shi iyaka ta ɓarauniyar hanya, in an isa kowa ya kama gabansa. Fatauci kuwa sai abu uku sun haɗu: an ɗauki mutum ko an yi jigilarsa ko an ajiye shi, an yi hakan da yaudara, barazana ko ƙarfi, kuma nufin shi ne a ci da guminsa, ta aikin tilas, karuwancin dole, bauta ko cire sassan jiki. In wanda aka ɗauka bai kai shekara 18 ba, ba a neman hujjar yaudara ko tilas, yardarsa ma ba ta wanke kowa. Kuma ba sai an ƙetare iyaka ba.

A takarda ke nan. A hanya kuwa mutum ɗaya kan tashi daga Kano yana fasinja, ya isa Sabha a kudancin Libiya yana haja. Aikinki shi ne gano zangon da abin ya juya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ki bi sawun kuɗin mota.

Matafiya iri biyu ne. Akwai mai biyan kowane zango da kuɗinsa: Kano zuwa Damagaram ta Daura, ko Sakkwato zuwa Tawa ta Illela da Birnin Ƙonni, sannan Agadas. Akwai kuma wanda ɗan kamasho ya ce wa, "Shiga, ka biya in ka isa." Na biyun nan bashi ke tafe da shi. Mai gidan da ake tara matafiya a Agadas, wanda ake kira geto, ya miƙa shi ga direba. Direba ya bi da shi ta Dirku, Sigidin da Madama, ya sauke shi a Gatrun ko Sabha hannun wanda zai biya shi kuɗinsa nan take. Wanda ya biya ɗin ya saye bashin, a ganinsa kuma ya saye mutumin. Daga nan ne ake kulle ƙofa, a kira gida a waya ana dukansa don iyaye su ji kuka su aiko da kuɗin fansa. IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, ta ba da rahoton cinikin 'yan ci-rani a Sabha tun Afrilun 2017, kafin bidiyon gwanjon da CNN ta nuna a Nuwamban shekarar. Mai kuɗi a hannu ma bai tsira ba: shingaye kan cinye guzurinsa, ko 'yan bindiga su tare motar, ya faɗa cikin bashin da bai taso da shi ba.

Don haka in kina hira da wadda ta dawo, kada ki tambaye ta, "An yi fataucinki?" Za ta ce a'a, domin da ƙafarta ta tafi, ga kuma kunya. Ki zana jadawali, kowane zango layi guda, ki riƙa tambaya: Wa ya biya kuɗin wannan zango? Nawa aka ce da farko, nawa ya koma? Wa ke riƙe da waya da fasfo? Da kin so fita, za a bar ki? Wa ke karɓar albashin, ke ko uwar ɗaki? In an aika kuɗin fansa, a wane gari aka biya shi? Kada ki raina ta ƙarshen nan, don sau da yawa a asusun banki na cikin gida ake zuba kuɗin, abin da ke nuna sarƙar tana da ƙafa a garinmu.

Hira 15 zuwa 20 masu zurfi, kowace kamar awa ɗaya, sun fi takardar tambayoyi 200 da aka cike a tsaye. Ki fara samun izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, sannan ki bi ta ofishin NAPTIP (hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Nijeriya) na Kano ko wata ƙungiya mai kula da waɗanda suka dawo. A Nijar takwararta ita ce ANLTP. Mace ta yi hira da mace, a ɗakin da babu miji, uwa ko jami'i. Ki faɗa tun farko cewa ba tallafi kika kawo ba, in ba haka ba za a ba ki labarin da ake zaton yana jawo jari. Lamba za ki sa a madadin suna, sunan ƙauye ma ki cire, don a ƙaramin gari "wadda ta dawo daga Libiya" suna ne. In ta fara kuka, ki kashe na'urar. Batun shiga geto a Agadas da sunan ke ma matafiyiya ce, ki bar shi.

Sai alƙaluma, inda ɗalibai suka fi zamewa. A 2016 IOM ta fara ƙirga masu wucewa a Sigidin da Arlit, a arewacin Nijar. Amma a shekarar ce aka fara tsaurara dokar Nijar mai lamba 2015-36 da ta haramta jigilar baƙin haure, aka kama direbobi da motoci. Waɗanda suka rage sai suka bar babbar hanya da rijiyoyinta, suka yanki hamada, kuɗi ya tashi, bashi ya ƙaru. Raguwar adadi a wurin ƙirga ba ta nufin mutane sun daina tafiya. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023, saboda haka ki raba shekarunki kashi uku (kafin tsaurara dokar, lokacin da take aiki, da bayan soke ta), kada ki jera su a layi ɗaya. Ki kuma rubuta a fili cewa waɗanda suka dawo kawai kika ji. Na cikin rairayi da na bayan ƙofa ba su cikin samfurinki.

Abu guda kuma: yawancin rubuce-rubucen da za ki samu kan 'yan matan Edo ne masu zuwa Italiya, da rantsuwar tsafin da masu fataucinsu ke sa su yi, wadda Oba na Benin ya warware a Maris na 2018. Kada ki ɗora wannan hoton a kan Bahaushiya. Gawa 92 da aka tsinta a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013 yawancinsu mata da yara ne daga yankin Kance na jihar Damagaram, suka mutu a kan hanyar Arlit. Tasu tafiyar ta bara ce da aikatau, dillaliyar kuma sau da yawa ta gida ce.

Tambaya: Wata mata a unguwarmu ta ce za ta kai 'yata mai shekara 19 aikin gida a Libiya. Ita za ta biya komai, yarinyar ta riƙa biya daga albashi. Na yarda? — Wani mahaifi, Daura

Amsa: Malam, kada ka yarda. Wannan shi ne bashin da muka yi bayani a sama, kuma ba kai ke riƙe da lissafinsa ba. Ka tambaye ta jimillar kuɗin a rubuce, wata nawa za a yi ana cirewa, sunan mai gidan da unguwarsa, da bizar aiki a fasfon yarinyar. Mai bi ta hamada ba ta da ko ɗaya. In ta ce kada a faɗa wa kowa sai an isa, ko ta nuna maka hoton wata da ta gina gida, ka nemi yin magana ta bidiyo da wata yarinyar da matar ta riga ta kai, ita kaɗai, ba ta wayar uwar ɗaki ba. Ka ajiye lambar matar da saƙonninta, ka kai wa NAPTIP ko jami'an shige da fice, ka kuma sanar da mai unguwa, don da wuya a ce gidanka kaɗai ta shiga.