Amsa ga ƙanwarmu mai fama da faɗin layin GFP

Salamu alaikum. Ƙanwata, kin ce GFP ɗinki, wato furotin mai fitar da koren haske, yana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 395 da 475, yana fitar da kore a 509, layin da ke kan zanen awon hasken kuma ya yi faɗi, har aka ce miki samfurinki ne ke da datti. Wallahi ba datti ba ne, halin furotin ɗin ke nan.

Ni ma an yi mini haka a wani ɗakin gwaji nan Kumasi. Mai duba aikina ya ɗaga takardata a gaban ƙananan ɗalibai, ya ce wai ko wanke kwalba ban iya ba, ya ja jan biro a kan zanen daga sama har ƙasa. Na shiga trotro zuwa Aboabo ina kuka, yaron mota na neman kuɗinsa ban ma ji shi ba. Na yi ta sake tace furotin da ba shi da laifin komai, shi kuwa har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah.

Ƙwayar da ke shan hasken tana can tsakiyar furotin, daga amino asid na 65 zuwa 67 aka gina ta. Idan haske ya bugo, ilektiron yana tsallakawa zuwa matakin kuzari na sama kafin atom ko ɗaya ya motsa, abin da masana kimiyya Franck da Condon suka bayyana ke nan. Daga baya atom ɗin ƙwayar, da na furotin, da ruwan kewaye su girgiza su sake zama, su cinye wani kaso na kuzarin. Ragowar ce ke fitowa a zango mai tsawo. Girgizar nan kuwa iri-iri ce, shi ya sa layin ba zai taɓa zama siriri ba a zafin ɗaki. Babbar tazarar daga 395 zuwa 509 kuma, furoton (wato ƙwayar haidirojin mai caji) ne ke ficewa daga tairosin, amino asid na 66, kafin hasken ya fito.

Ki riƙa rubuta zafin ɗakin duk awo, don idan dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, layin na iya sauyawa. In za ki samu ruwan naitirojin, ki auna a Kelvin 77, za ki ga ya tsuke da idonki. Kuma don Allah kada ki shiga ofishin mutumin da ya ce samfurinki na da datti ke kaɗai, ki tafi da abokiyar aiki, ki ajiye bayananki wuri biyu. Ki turo mini pH (ma'aunin tsami) na ruwan da kika narkar da furotin a ciki, mu duba tare bayan Isha'i.