Dajin Falgore: a buɗe wa jama'a ko a kulle?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a yankin Doguwa. Iyaye da kakanni sun ci moriyar Dajin Falgore, yanzu kuwa ko itacen girki ka ɗebo sai ma'aikatan gandun daji su tare ka. Me ya sa ba za a bar talaka ya amfana ba?

Amsa: Malam, kukanka yana kan hanya, amma dajin nan ba mutanen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila kaɗai yake yi wa aiki ba. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a Dam ɗin Tiga. Idan itatuwa suka ƙare, ruwan sama zai kwashi ƙasa ya jibge a dam, mai noman rani a Kura da Kadawa ya ji a jikinsa.

A ganina abin dubawa shi ne me aka shiga ɗauka. Matar da ta tsinci 'ya'yan kaɗanya ko ta ɗebo ɗorawa don kalwa ba ta rage wa daji komai ba, baɗi ma za su sake yi. Haka busasshen itacen da ya faɗi da kansa. Mai gawayi fa? Kirya yake nema, ga ta da nawar girma, abin da ya sare da hantsi sai jikansa ne zai ga madadinsa. Mai magani kuma in ya sassaƙe maɗaci gefe guda, bawon zai warke; in ya zagaye gindin, ya kashe shi a tsaye. Mafi muni wutar mafarauta a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, domin ita ke cinye tohon da zai gaji manyan itatuwa.

Don haka a raba dajin. Bakinsa a bar wa maƙwabta tsintuwa da ɗiban zuma bisa izini, a fitar wa makiyaya burtali da mashaya, tsakiya da gaɓar kogi kuwa a hana gatari da wuta ɗungurungum. Ma'aikata ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi su kaɗai ba, balle ga titin Kano zuwa Jos ya ratsa shi. Mutumin ƙauye ne ke fara ganin motar gawayi, kuma ba zai kai rahoto ba muddin shi ma ɓarawo aka ɗauke shi.

Ku haɗa ƙungiya, ku bi ta hannun dagaci da hakimi, ku nemi a rubuta muku abin da aka yarda ku ɗiba da lokacinsa.