Tambaya da Amsa: Ko Sanyin Ɗa'ifa Zai Rage wa Firji Shan Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, inda dare yake yin sanyi ƙwarai da hunturu. Idan na huda bango na jawo iskar waje ta bututu zuwa cikin firji, ko na mayar da firjin baranda, zan samu sauƙin kuɗin wuta? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunaninka yana kan hanya, sai dai bayan firjin ne yake buƙatar wannan iska. Aikin firji shi ne ya kwashe zafin da ke cikinsa ya fitar da shi ta siraran bututan da ke bayansa, ko ta gefensa a irin na zamani, shi ya sa idan ka dafa wurin za ka ji ɗumi. Duk lokacin da iskar da ke kewaye da wurin ta yi sanyi, zafin yakan fita da sauri, injin kuma ya riƙa samun hutu.

Shigar da iskar waje cikin firjin kuwa ban ba ka shawara ba. Abinci yana son digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifiri, alhali ko a kwanakin Murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Janairu, yawancin dararen Ɗa'ifa ba sa sauka zuwa digiri 4, da rana kuma gari ya ɗumama. Ke nan iskar da ta fi cikin firjin ɗumi za ka shigar, ga ƙura, ga danshin da zai daskare ya zama ƙanƙara. Abin da ya fi damuna shi ne huda jikin firjin, domin bututan gas suna bi ta cikin bangonsa, gas ɗin R600a da ake zuba wa firji da yawa a yau kuma yana kama wuta.

Baranda ma da sharaɗi. Duba takardar da ke manne a jikin firjin: idan ka ga harafin T, an ƙera shi ne domin wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 16 da 43. Firji mai na'urar auna sanyi guda ɗaya, idan waje ya yi sanyi sosai, injinsa yakan daɗe bai tashi ba, sai naman da ke firiza ya fara saki ba tare da uwargida ta sani ba.

Ka nisanta firjin da murhu da hasken rana, ka bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, ka share ƙurar bayansa, sannan ka ɗan buɗe tagar kicin da dare. Ka kuma yi lissafi kafin ka kira magini: a farashin wuta na halala 18 kowane kilowat na awa (halala ɗari ne riyal ɗaya), firjin da yake shan 400 a shekara riyal 72 yake ci kafin haraji, kuma ɗan kaso ne kawai na wannan kuɗi bututun zai iya ragewa.