Malam ina zan samu wurin karatu a makaranta, ko dole sai na shiga TDB, wato karatun dare har gari ya waye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce aji ɗaya a jami'a, mu takwas ne a ɗaki a hostal, wata na girki a risho wata na waya har ƙarfe ɗaya na dare, ga zafi ga ɗauke wuta. Laburare kuma duk sanda na je a cike. Saura sati biyar mu fara jarrabawa. Wasu yayyenmu 'yan aji uku sun ce in dinga binsu TDB a ɗakin lakca, har ɗaya ta ce akwai ƙwayar da take sha ba ta jin bacci. Wallahi tsoro nake kar in ɗauko kariyoba, wato in faɗi kwas sai na maimaita shi, da ƙyar Babana ya haɗa kuɗin rajista. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata kwantar da hankalinki, sati biyar ba kaɗan ba ne, kuma wuri akwai shi, nemansa ne ba ku iya ba.

Shekaruna da yawa ina aikin laburare a jami'a, kuma duk wanda ya ce min a cike ya tarar, tambayar farko da nake masa ita ce ƙarfe nawa ya je kuma ina ya tsaya. Yawancinku sai bayan La'asar kuke zuwa, ku leƙa falon farko da ke kusa da ƙofa inda ake rububin soket ɗin caji, ku ga kai ko'ina sai ku juya. Babban laburare irin Kashim Ibrahim na ABU a Samaru, ko Abdullahi Fodiyo na Sakkwato, ko Ramat na Maiduguri, ai ba ɗaki ɗaya ba ne. Ki nemi sashen jaridu da mujallun bincike, ki nemi inda ake ajiye kundin digiri, can 'yan aji ɗaya ba sa zuwa don suna ɗauka na manya ne. Ki je da zarar an buɗe ƙofa da safe. Sannan ki tambaya ko tsangayarku ko sashenku na da ƙaramin laburare, galibi akwai, sai ki ga kujera ashirin mutum uku. Abin haushin shi ne a inda nake aiki ƙarfe huɗu ake garƙame su saboda mai riƙe da makulli ya tashi, mun rubuta takarda har mun gaji, kullum amsar ita ce kwamiti na dubawa. Akwai kuma azuzuwan da babu lakca, ki kalli jadawalin da ke manne a allon sanarwa za ki ga ɗakin da ke zama fanko awa biyu ko uku. Bayan Asuba kuma ko gindin darbejiya ya ishe ki kafin rana ta ɗaga. Abin dubawa kawai, wurin na da haske da iska, akwai mutane kusa amma ba ƙawayenki ba, kuma za ki iya komawa ɗaki ba fargaba.

To yanzu mu zo kan TDB, don nan ne abin ke ci min tuwo a ƙwarya.

Ban san wanda ya fara koya wa ɗalibai cewa wanda bai kwana a aji ba bai yi karatu ba. Kowace shekara sababbi na zuwa su tarar da wannan al'ada su ɗauka kamar tana cikin kwas. Ki je ɗakin lakca ƙarfe uku na dare ki gani da idonki, rabin mutanen sun kifa kai a benci, maganin sauro na hayaƙi a ƙasa, handaut ya jiƙe da miyau, sauran kuma suna kan WhatsApp ko hira ƙasa-ƙasa a layin baya. Da safe su fito ido jajir suna alfahari sun yi TDB, sai lakcar ƙarfe takwas ta wuce su suna bacci a ɗaki. Wannan ai an yi ba a yi ba, rufin ƙofa da ɓarawo.

Abin da kika karanta ba ya zama daram a kai sai kin yi bacci a kansa, a cikin bacci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da ta ɗauka da rana ta adana shi. Mai shekarunki na buƙatar awa 7 zuwa 9. In kin hana ta, kamar mai zuba ruwa a kwando ne, kina jin kin karanta shafi talatin amma a ɗakin jarrabawa ki ga tambayar ki tuna har gefen shafin da amsar take, amsar kanta babu. Na taɓa sa ido a jarrabawa wani yaro ya yi rubutu layi huɗu sai bacci ya kwashe shi, biro ya ja wani dogon layi har ƙasan takarda, da na taɓa kafaɗarsa saura minti ashirin a tashi. Kuka ya fashe da shi, kwana biyu bai runtsa ba wai yana shiri.

Sai su ce ai akwai Nescafe da goro da lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wato kofin da kika sha sha biyun dare yana nan tare da ke har gari ya waye, idonki a buɗe amma kan ya riga ya rufe, ga bugun zuciya ga rawar hannu.

Ita kuwa yayar taki mai ƙwaya, ki gaishe ta daga nesa. Ban san me take sha ba, amma abin da muka fi gani a hannun yara tramol ne. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, ɗan uwan kodin wanda gwamnati ta hana shigo da ruwan maganin tarinsa da haɗa shi a 2018, likita ke rubuta shi, kuma masu miligiram 225 ɗin nan da ake saidawa a ɓoye sun wuce ƙa'idar da aka yarda da ita nesa ba kusa ba. Ba ya ƙara hadda ko ɗigo ɗaya. Abin da yake kawowa shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya da kuma kamu, yau ɗaya don jarrabawa, bayan wata uku ba ki iya tashi daga gado sai da ita. Haka masu tallan maganin hadda a Facebook da TikTok, gari a leda ba suna ba lambar NAFDAC, wai ki sha da madara ki haddace littafi a dare ɗaya. In da gaske ne me ya hana shi mai maganin ya sha ya zama farfesa? Addu'a kam ki yi ta, ki nemi ta iyaye, amma kuɗin Babanki kar su tafi aljihun waɗannan mutanen.

Ga kuma batun tsaro wanda yayyen naki ba za su faɗa miki ba. Ɗakin lakca da ke can ƙarshen makaranta, a ɗauke wuta ƙarfe biyu, waɗanda kuka zo tare sun sulale sun tafi, ke kaɗai za ki ratso duhu zuwa hostal? Ko wayarki kawai aka fizge ai an cuce ki. In dole sai kin yi karatun dare, ki zaɓi aji mafi kusa da hostal inda masu gadi ke zagayawa, ku tafi ku uku ku dawo ku uku, kuma sha ɗaya ta yi miki a kan gado.

Gobe ki tashi da Asuba ki yi awa ɗaya da rabi kan kwas ɗin da ya fi ba ki wuya, ki rufe littafin ki gwada rubuta abin da kika tuna, sannan ki wuce laburare da katin makarantarki ki tambayi na kan tebur ya nuna miki sashen mujallu da inda suke ajiye tsofaffin takardun jarrabawa. In ya ce ki dawo gobe, ki dawo goben.