Wiskin da wani ya dafa, wani ya ɗura: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙu uku ne suka haɗu kan batu guda a wannan makon, wato wiskin Sikotlan da wasu kamfanoni ke saye a ganga su ɗura a kwalba da sunansu. Hukuncin barasa a Musulunci sananne ne, filin nan ba zai sauya shi ba. Amma cikin masu karatunmu akwai waɗanda ba Musulmi ba, akwai kuma waɗanda aikin otal ya haɗa su da kayan, su ma kuma guminsu ne kuɗin.

Tambaya: Ni ne mai sayo kaya a wani otal a Abuja. Dillalinmu ya kawo kwalabe shida da aka rubuta Caol Ila a jiki, amma takardar ba irin wadda na saba gani ba ce, kuma sunan da ke sama Signatory Vintage ne. Har da lambar ganga da adadin kwalabe. Manaja ya ce jabu ne, in mayar. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron manajanku ba na banza ba ne. A 2015 barasa mai gubar methanol ta kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas, kuma sake cika tsofaffin kwalabe sana'a ce ta wasu ɓata-gari. Sai dai sunaye biyu a kwalba ɗaya ba shi ne alamar jabu ba. Tsohuwar hanyar kasuwanci ce.

Yawancin masana'antun wiski na Sikotlan ba don su sayar da sunansu aka gina su ba, don a gauraya wiskinsu da na wasu ne. Caol Ila ɗin nan tana tsibirin Islay, mallakar kamfanin Diageo ce, kuma kaso mai tsoka na abin da take dafawa cikin Johnnie Walker yake ƙarewa. Tun da can ganguna suna yawo tsakanin kamfanoni da dillalai, ana musaya ana sayarwa. Daga nan masu ɗuri masu zaman kansu ke zaɓar ganga, su ajiye ta a sito iya shekarun da suka ga dama, su ɗura ta ita kaɗai. Cikin irin waɗannan kamfanoni, Cadenhead's tun 1842 yake, Gordon & MacPhail na garin Elgin tun 1895, Douglas Laing na Glasgow tun 1948. Signatory ɗinka ƙaramin ƙane ne a cikinsu, a 1988 aka kafa shi, a 2002 kuma ya sayi masana'antar Edradour.

Abin da dokar Birtaniya ta 2009 ta ce game da rubutun “single malt” shi ne: daga masana'anta ɗaya, da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, a dafa a tukunyar gargajiya, a yi aƙalla shekara 3 cikin gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin Sikotlan, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Tun 2012 ma dole a can za a ɗura shi a kwalba. Saboda haka idan ka ga an rubuta cewa a wata ƙasa aka ɗura, ka tattara ka mayar ba sai ka yi shawara da kowa ba.

Ka kuma yi ɗan lissafi. Gangar da ake kira hogshead kusan lita 250 take ci, kwalba kuma santilita 70 ce, ka ga ko da ba a rasa ɗigo ba kwalabe wajen 350 ne. A kowace shekara kuma kusan kashi 2 cikin 100 na bin iska ta jikin katako. Idan takarda ta ce irin wannan ganga ce, shekara 15, ba a sirka da ruwa ba, sannan ta ce kwalba 800, to da walakin. Shekarar dafawa da shekarar ɗuri su ma su dace da shekarun da aka rubuta. Ka nemi takardun shigo da kaya da rajistar NAFDAC daga dillalin, ka kuma aika wa kamfanin lambar gangar da hoton kwalbar ta imel. Mai jabu ya fi son kwaikwayon sunan da kowa ya sani, amma wannan ba hujja ba ce ta yin sake.

Ni abin da zan faɗa wa manaja daban ne. Ganga ɗaya idan ta ƙare ta ƙare, ko maƙwabciyarta da aka cika rana ɗaya ba lalle ɗanɗanonsu ya zo daidai ba. Baƙon da ya ji daɗinta ya dawo bayan wata uku, ba abin da za ku ba shi. Kwalabe shida a matsayin na musamman sun yi, amma kada ku buga sunanta a takardar farashi ta dindindin. Ku ajiye su a tsaye, nesa da rana da zafin kicin.

Tambaya: A Manchester nake aure. Surukina Bature ne, zai cika shekara 70, ina so in ba shi kyauta. Na ga kwalba biyu na kamfanin ɗuri ɗaya: ɗaya shekara 12, jawur kamar baƙin shayi, kashi 58; ɗayar shekara 21, fari-fari, kashi 46, kuɗinta ya kusa ninka na farkon. Me ya sa tsohuwar ta fi haske? Ko an sirka ta ne?

Amsa: 'Yar'uwa, launi ba shekaru yake nunawa ba, ganga yake nunawa. Wiski fari tas yake fitowa daga tukunya, katako ne ke rina shi. Dokar Amurka ta tilasta a tsuma bourbon, wato wiskin can, cikin sabuwar gangar da aka babbake cikinta, don haka gangunan da suka gama aiki, masu cin kusan lita 200, Sikotlan ake kai da yawansu, kuma launin zinariya da ƙanshin vanila suke bayarwa. Gangar sherry, giyar inabin yankin Jerez na Sifen, tana kai lita 500, ita ke ba da jan nan da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Sannan gangar da aka fara zuba wa wiski, wadda suke rubuta wa “first fill”, ta fi wadda aka maimaita ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai shekara 21 ɗin da alama a maimaitacciyar ganga ta zauna, kuma masu abin da yawa sun fi son haka, domin katako bai danne ainihin halin masana'antar ba. Doka ta yarda a ƙara launin karamel, amma yawancin masu ɗurin nan ba sa yi, suna ma rubutawa a jiki.

Kashi 46 kuwa, galibi an sassauta da ruwa ne kafin ɗuri, kuma ba ha'inci ba ne. Mai kashi 58 ɗin yadda ta fito daga ganga aka ɗura ta, mai sha ne zai ƙara ruwa da kansa. Idan ta yi ɗan hazo bayan an zuba ruwa ko ƙanƙara, ba lalacewa ta yi ba, ba a tace ta da sanyi ba ne.

Kafin ki biya, ki sa maigidanki ya leƙa abin da baban ke ajiyewa. Babban abin da ke raba masu shan wiski shi ne hayaƙi. Na Islay irin su Caol Ila ƙauri gare su, wani ya so kamar me, wani ko warin ba ya so. Idan ba ki samu labari ba, ɗauki na yankin Speyside, irin su Linkwood ko Glen Elgin. Tsakanin kwalabe biyun da kika gani, ga dattijo mai shekara 70 ni mai kashi 46 zan ɗauka in aljihu ya yarda. In bai yarda ba, ta shekara 12 ba abin kunya ba ce.

Tambaya: Wani kamfani ya kira ni daga Landan, wai in sayi ganga guda a ajiye mini a Sikotlan, bayan shekara biyar in sayar da riba mai yawa. Ni ba na sha, jari kawai nake so. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, rashin sha ba ya fitar da kai. Hadisin da ya la'anci mutane goma kan giya ya haɗa da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, ka tambayi malaminka ka ji. Ko ta fuskar kasuwa ma ba zan ba ka shawara ba. Hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya ba ta kula da cinikin ganguna, in an cuce ka ba asusun da zai biya ka. Wani binciken BBC a 2025 ya gano mutanen da aka sayar wa gangunan da babu su, da ganga ɗaya da aka sayar wa mutum fiye da guda. Takardar shaida mai ƙyalli da kamfani zai aiko ba komai ba ce. Abin da ke nuna mallaka shi ne siton da gangar take ya san sunanka, ya rubuto maka da kansa.

Ko gangar gaskiya ce, ga kuɗin ajiya da inshora, ga raguwa kowace shekara, kuma idan ƙarfinta ya faɗi ƙasa da kashi 40 ta daina amsa sunan wiski a doka. Wasu masana'antun ma sukan hana a rubuta sunansu a kwalba, shi ya sa ake ganin “Secret Speyside”, irin wannan ganga kuma ba ta da tsada kamar mai suna. In za a ɗura a sayar a Birtaniya akwai harajin barasa, da na VAT kashi 20 a kai. Mai sayenta daga hannunka a ƙarshe kuwa ɗaya ne daga masu ɗurin nan ko dillalansu, waɗanda suka san farashin sari fiye da wanda ya kira ka. Kada ka tura ko kwabo, lambar ma ka toshe ta.